Na'urar Hoton Ƙashi Ta Tsaya: Dala Ce Ko Rashin Mai Gyara?

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haye 1,500 a 2024, asibitocinmu suka samu amsa a shirye. Mutumin Ƙofar Dumi a Bauchi ya faɗi a babur, likita ya rubuta masa hoton ƙashi, ya isa ɗakin hoto a ce masa na'ura ta lalace, kayan gyara sai daga waje, ga dala ta yi tsada. Ni dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Na'urorin nan suna kwance tun dala na araha.

A 2011, Robert Malkin na Jami'ar Duke a Amurka da abokiyar bincikensa sun duba bayanan kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe masu tasowa 16, suka tarar kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Wani binciken da Malkin ya fitar a 2010 ya fi ɗaure kai: kimanin kashi 72 na kayan da aka kai gyara sun tashi ba tare da an shigo da komai daga waje ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai gyara ba zai yi mamaki ba. Kafin ya kwance komai, wuta yake fara aunawa daga bango, ya duba fis, ya duba wayar ƙasa. Daga nan ya koma kan maɓallin hannu da ake dannawa sau ɗaruruwa a mako har wayarsa ta tsinke daga ciki, sai ƙwan fitilar da ke haska wurin da za a ɗauka, sai fankar da ƙurar hunturu ta toshe. Nan mafi yawan ciwon yake. Shi kansa tiyub ɗin, wanda shi ne mai tsadar gaske, ba kasafai yake mutuwar farat ɗaya ba, kashe shi ake yi a hankali. Kusan kashi 99 na wutar da ke shigarsa zafi take zama, kashi 1 ne ke fita a matsayin hasken hoto. Idan ba a ɗumama shi da safe ba, aka dinga ɗauka ba hutu a ɗakin da na'urar sanyaya iska ta daɗe da mutuwa, farantin cikinsa tsagewa yake yi.

To wa zai lura da wannan? Nan gizo ke saƙa. Sayen sabuwar na'ura akwai kwangila, akwai bikin ƙaddamarwa, akwai 'yan jarida. Gyara ba shi da ko ɗaya. Ana sayen doki ne a ƙi ɗaukar mai yi masa ciyawa. Sau da yawa ɗan kwangila yana tafiya da littafin gyara da lambar sirrin manhajar na'urar, injiniyan asibiti kuma, in ma akwai shi, a mayar da shi mai canza soket. Fis na 'yan kuɗi kaɗan sai takarda ta yi watanni daga ofis zuwa ofis.

Masu ɗora laifi kan wuta da dala suna da 'yar gaskiyarsu. Duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 ya jefa asibitoci kan janareto, kuma wuta mai hawa da sauka tana ƙona allunan lantarki. Amma na'urar daidaita wuta da wayar ƙasa mai kyau ba su kai rubu'in kuɗin injin ba. Rashinsu sakaci ne.

Talaka ke biyan kuɗin sakacin. Mai hali ya hau Keke Napep zuwa wurin hoto na kuɗi, marar hali ya wuce wajen mai ɗori ba a ga yadda ƙashin ya karye ba. Mai tari, da ba a samu yi masa hoton ƙirji ba, ya koma gida da tarin fuka yana rabawa iyali. Na'urar da ba a saita ba kuwa hoto mai duhu take fitarwa, a sake ɗauka, majiyyaci ya sha haske biyu. Duba irin wannan aikin Hukumar NNRA ne, mai kula da harkokin nukiliya.

Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ta ware wa gyara layinsa a kasafin lafiya. Kada kuma a ƙara biyan ɗan kwangila sai ya miƙa littafin gyara da lambar sirri, ya horar da masu gyara na asibitin.