Gaskiya ko Jita-jita: Mai Gida, Ɗan Haya da Ranar Zuwa Kotu

Daga Makera zuwa Kakuri, daga Barnawa zuwa Narayi, Sabon Tasha da Romi, da yawanmu a gidan haya muka buɗe ido. Masaƙun Kakuri ne suka fara jawo jama'a tun da aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot da matatar mai suka ƙaro wasu. Aka gina gidaje masu jerin ɗakuna, ƙofa na kallon ƙofa, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya. Akasarin hayar da baki aka ƙulla ta: an san ka, an san wurin aikinka, ƙarshen wata ka kawo kuɗi. Da masaƙun suka durƙushe, kuma rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka sa dubban iyalai ƙaura tsakanin tsallake biyu na kogin Kaduna, sai wannan sanayya ta ragu. Mai gida bai san ɗan hayarsa ba, ɗan haya kuwa dillali kawai ya sani. A irin wannan hali ne muke ɗaukar labarin doka daga bakin maƙwabci, shi ma daga wani ya ji. Ga wasu daga cikin abubuwan da muka daɗe muna faɗa wa juna.

“Gidana ne, ranar da na ga dama zan fitar da shi”

Gidan nasa ne, babu mai ja. Amma ranar da ya karɓi kuɗin haya, ya miƙa wa wani haƙƙin zama a ciki, kuma doka ba ta yarda ya ƙwace wannan haƙƙi da hannunsa ba. Hanyar da dokokin karɓar gida suka shimfiɗa tana da matakai. Da farko takardar notis. Idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi wani wa'adi daban, ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce mako ɗaya ga mai biya mako-mako, wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata uku ga mai biya duk bayan wata uku, wata shida ga mai biya shekara-shekara. Idan wa'adi ya cika ɗan haya bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana 7, wadda ke shaida masa cewa mai gida zai kai ƙara. Daga nan sai kotu. In ta yanke hukunci, ma'aikatanta ne ke zuwa su zartar, ba samarin unguwa ba.

Cire kwano, ɓalle ƙofa, yanke wuta, kulle rijiya ko watso kaya waje duk keta haddi ne, ko da ɗan hayar na da bashin shekara a kansa. Wanda ya yi haka yana iya wayar gari shi ake ƙara, a sa shi biyan diyya. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi magana a kan irin wannan a shari'ar Odumegwu Ojukwu da gwamnatin soja ta Jihar Legas, wadda ta tura 'yan sanda suka fitar da shi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. Alƙalai suka yi tir da abin, suka nuna cewa ko gwamnati ba ta da ikon yanke wa kanta hukunci da ƙarfi.

Me ya sa fahimtar cewa mai gida na iya fitar da ɗan haya da hannunsa ta yi ƙarfi a cikinmu? Domin mun sha ganin an yi, kuma babu abin da ya biyo baya. Ɗan hayar da aka cire wa kwano da damina kunya ce ke damunsa, ya kwashe kayansa da dare ya tafi. Masu kallo sai su ɗauka doka ce ta ba da dama. Ya kamata kuma mu yi wa masu gidaje adalci. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne ko zawarawa, ɗaki huɗu ko biyar ɗin nan su ne fanshonsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai zafin rai ba ya mayar da haram halal, kuma sau da yawa shi ke jawo wa mai gaskiya asara.

“Wata shidan notis kyauta ne”

Ba kyauta ba ne. Notis lokaci ne na neman wani wuri, kuɗin haya kuma na ci gaba da hawa. Wanda ya zauna bayan wa'adi ya ƙare, kotu na iya sa shi biyan kuɗin kowane wata da ya ƙara har ranar da ya miƙa makulli. Ruɗanin ya samo asali ne daga alherin wasu masu gidaje da ke yafe kuɗin don a rabu lafiya. Alherin mutum ɗaya ne ya bi gari har aka ɗauke shi doka.

A lura kuma: wanda ya sa hannu a yarjejeniyar da ta faɗi ranar shiga da ranar fita, ba lallai ne a ba shi wata shida ba. Wa'adinsa na cikin takardar da ya sa wa hannu, shi ya sa ya kamata mu karanta kafin mu sa.

“In ka ƙi karɓar sammaci, shari'a ba za ta ci gaba ba”

Wannan ce jita-jitar da ta fi cutar da talaka, kuma na ga aikinta a cikin gidanmu. Wata gwaggona da ke haya a Makera ta samu saɓani da mai gidanta a kan kuɗin wata biyar. Da ɗan aiken kotu ya zo, maƙwabta suka ce kada ta taɓa takardar. Ya tafi, ya dawo bayan kwanaki ya liƙa ta a jikin ƙofa. Ta kira ni tana haɗa kaya. “Ɗana, ƙauye zan tafi har abin ya lafa,” in ji ta. Na ce, “Gwaggo, in kika tafi, a bayan idonki za a yanke.”

Haka abin yake. Idan mutum ya ɓuya, kotu na iya ba da izinin a liƙa sammacin a ƙofarsa, kuma a wurin doka an isar masa ke nan. In bai zo ba, za a saurari mai ƙara shi kaɗai, a yanke hukunci da abin da ya kawo.

Ranar zama muka je da wuri. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne babu wanda ya daka mata tsawa. Muka zauna a benci tare da mutane irinmu, magatakarda na kiran ƙararraki ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanta, hannunta na rawa, ta ce, “Ranka ya daɗe, ban ƙi biya ba, amma wata uku ne a kaina, ba biyar ba.” Alƙali ya tambaye ta shaida. Ta kwance bakin zani ta fito da rasit biyu da ta adana a leda. Mai gidan ya duba, ya gane rubutun ɗansa ne, wanda ya karɓi kuɗin bai faɗa masa ba. Aka ba su dama su daidaita, suka dawo da yarjejeniyar yadda za ta biya sauran da ranar da za ta tashi, kotu ta rubuta. Da ta tafi ƙauye, da wata biyar za a ɗora mata, kayanta kuma a fito da su tana nesa.

Tsoron sammaci yana da tushe. Mun taso muna jin kotu tare da gidan yari a jimla ɗaya, ba mu bambanta shari'ar laifi da ta haƙƙi tsakanin mutum da mutum. Rigimar haya tana cikin kashi na biyu. Sammacinta gayyata ce ka zo ka faɗi naka.

“Sai mai lauya ke cin shari'a”

Kowa na da damar tsayawa da kansa ya yi magana, kuma a ƙananan kotuna mutane da yawa haka suke yi. Wanda ba ya jin Turanci ya faɗa, a yi masa tafinta. Lauya na da amfani ƙwarai, musamman wajen rubuta notis da lissafin kwanakinsa, inda kuskure kaɗan ke iya ɓata ƙara. Ga wanda ba shi da hali, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana taimakon mata da yara.

Abin da ya fi lauya nauyi a rigimar haya shi ne shaida. A shari'ar Musulunci da ta boko duka, wanda ya yi da'awa shi zai kawo hujja. Rasit, takardar yarjejeniya, mutumin da aka biya a gabansa, duk hujja ne. Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofa ga bayanan na'ura, don haka saƙon banki da saƙon waya na iya shiga gaban alƙali idan an cika sharuɗɗansu. Kada mu riƙa goge su. Yarjejeniyar baka ma haya ce a idon doka, wahalarta kawai ita ce tabbatar da abin da aka faɗa bayan shekaru.

“A kai shi caji ofis, 'yan sanda za su karɓo kuɗin”

Bashin haya ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar haƙƙi kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani, kamar a tsare mata don mijinta bai biya ba. Aikin ɗan sanda yana shigowa ne in an yi duka, barazana ko ɓarnar dukiya. Muna garzayawa caji ofis ne saboda ya fi kusa, kuma tsoron kaki kan sa mutum ya ciyo bashi ya biya a yini ɗaya. Amma wanda ya sa aka tsare ɗan hayarsa a kan bashi ya buɗe wa kansa ƙofar wata ƙarar, ta tauye haƙƙin ɗan Adam.

“Za a kai ni kotun da ba ta addinina ba, a zalunce ni”

A wannan tsallake na kogi, inda masallaci da coci ke layi ɗaya, wannan fargaba ba abin rainawa ba ce. Mun san abin da ya haife ta. Bayan rikicin 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta sake fasalin ƙananan kotuna a Nuwamba 2001. Aka kafa kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada a gurbin tsofaffin kotunan yanki, kotunan majistare kuma suka ci gaba da aiki ga kowa. Kotun shari'ar Musulunci ta Musulmi ce, ba a tilasta wa wanda ba Musulmi ba ya tsaya a gabanta. Wanda ya ga an kai shi inda ba hurumin kotun ba ne, ya je ya faɗi haka a gaban alƙali tun zaman farko. Zama a gida ba ya isar da wannan ƙorafi. Wajen rantsuwa ma kowa da littafin addininsa, wanda ba ya son rantsewa kuma yana iya yin alkawarin faɗin gaskiya. In hukunci bai gamsar ba, akwai ɗaukaka ƙara, amma tana da wa'adi, jinkiri na iya rufe ta.

“Na shekara ashirin a gidan nan, ya zama nawa”

Daɗewa ba ta mayar da ɗan haya mai gida. Wanda ya shiga da izinin wani yana biyansa, doka ba ta ba shi damar juyowa ya musanta mallakar wanda ya ba shi makulli ba. Gyaran da ya yi, kamar siminti, silin ko tona rijiya, ba ya zama hannun jari. In ana so a cire kuɗin gyara daga haya, a yi maganar kafin a fara aiki, a rubuta.

“In an shiga kotu, sai a shekara goma ana abu ɗaya”

A nan akwai ƙamshin gaskiya, bai kamata mu ɓoye ba. Ana ɗage zama, wani lokaci don alƙali ba ya nan, wani lokaci don lauya ya nemi uzuri. Mai sayar da kaya a kasuwar Kakuri da ya rufe shago ya biya kuɗin Keke Napep ya tsallaka gada, sannan a ce masa ya dawo wata mai zuwa, yana da dalilin jin haushi. Wasu 'yan haya kuma sun mayar da jan lokaci sana'a, suna fakewa da ƙaramin kuskure a takardar notis. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna rashin amincewa da wannan dabara, ta ce da zarar an shigar da ƙara an isar wa ɗan haya, ya riga ya san ana neman gidan. Wannan bai sauke wa mai gida nauyin ba da notis yadda ya dace ba, amma ya rage wa masu fakewa mafaka.

Shiga kotu kuma ba ya rufe ƙofar sulhu. Alƙalai da kansu kan ce a je a daidaita, kuma mai unguwa, liman ko fasto na iya zama a tsakani. Abin da aka amince a kai, in aka kawo shi kotu ta rubuta, ya zama hukunci mai ƙarfi da za a iya zartarwa, saɓanin alkawarin zaure da ake iya musantawa gobe.

Mai gida, ka ba da rasit ko da na ɗaki ɗaya ne, ka rubuta notis da kwanan wata, ka riƙe kwafi. Ɗan haya, ka adana kowace shaidar biya. In sammaci ya zo, ka karɓa, ka duba ranar da sunan kotun, ka je da takardunka kafin a fara kiran suna.