Gardamar Naɗin Limamai a Ɗarikar Angalikan, da Yadda Ta Shafi Ƙauyukan Kano

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman wajen arewa, daga Ungogo zuwa Minjibir da Ɗambatta da Bichi, tana cikin wuraren da suka fi yawan jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Gona tana jingine da gona, ba a barin saura ta huta, sai taki da toka ke riƙe da ƙarfin ƙasa. Mafi yawan mutanen nan Musulmi ne tun kaka da kakanni. Amma a tsakaninsu akwai gidajen Maguzawa, waɗanda da yawa daga cikinsu suka shiga addinin Kirista a ƙarnin da ya wuce. Galibinsu suna bin ikilisiyar ECWA, waɗansu Katolika, waɗansu kuwa Angalikan. Abin da muke nufi a wannan takarda shi ne mu bayyana wata gardama da ta raba kan Angalikan na duniya, watau ko ya halatta a naɗa mace limamiya, ko kuwa a naɗa mai tarayya da jinsinsa, sa'an nan mu duba yadda maganar take ga mutanen ƙauyukan nan.

Zuwan ɗarikar ƙasar Hausa

A shekarar 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya iso Kano tare da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Likita Mila, kamar yadda Hausawa ke kiransa, ya sami zama a birnin Zariya a 1905, daga baya a 1929 aka mai da mazaunin mishan Wusasa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. An kafa gundumar bishop ta Arewa a 1954, aka fitar da ta Kano daga cikinta a 1980. Shekara guda kafin wannan, watau 1979, Cocin Nijeriya ya zama lardi mai cin gashin kansa.

Lalle ne mai karatu ya riƙe wannan magana ta cin gashin kai, don ita ce tushen rigimar duka. Ɗarikar Angalikan ba ta da shugaba guda mai yanke hukunci a kan kowa kamar Paparoma. Larduna ne fiye da 40, kowane da dokokinsa. Babban Bishop na Kantabari a Ingila girmamawa ake yi masa irin ta babban wa, ba shi da ikon tsige kowa a wajen ƙasarsa. Taron Lambeth kuwa, wanda aka fara a 1867, inda bishop-bishop ke haɗuwa kusan kowace shekara 10, shawara yake bayarwa, ba doka ba.

Muƙaman da ake naɗi dominsu uku ne: dikin, da firist, da bishop. Firist ne kaɗai, ko bishop, ke tsarkake Jibin Ubangiji. Ƙarƙashinsu akwai masu bishara da masu karanta sujada, waɗanda ba a ɗora musu hannu ba, amma suna wa'azi suna jan addu'a.

Maganar mata

Yaƙi ne ya fara kawo maganar. A watan Janairu na 1944, sa'ad da Japanawa suka tsare hanyoyi har firistoci suka kasa kaiwa ga masu bi na Makau, Bishop Ronald Hall na Hong Kong ya naɗa wata mace, Florence Li Tim-Oi, firist. Taron Lambeth na 1948 bai amince ba. A 1971 aka yi taro a Limuru ta ƙasar Kenya aka ce lardin da ya ga dama ya yi. Cocin Amurka ya yarda a 1976, ya kuma naɗa Barbara Harris bishop a 1989. Ingila ta jefa ƙuri'a a 1992, ta naɗa matan farko a 1994, ta sami bishop mace a 2015.

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A 1983 Bishop Festo Kivengere ya naɗa mata firistoci a Uganda, a 2012 kuma Ellinah Wamukoya ta zama bishop a Swaziland, ita ce ta farko a Afirka. A Nijeriya ma an gwada. A ƙarshen 1993 Bishop Herbert Haruna na Kwara ya ɗora wa mata uku hannu a kan muƙamin dikin, amma sauran bishop-bishop suka soke naɗin. Har wa yau Cocin Nijeriya ba ya naɗa mace firist ko bishop.

Masu hanawa suna kafa hujja da cewa manzannin Almasihu goma sha biyu duk maza ne, da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti sura ta 2, da kuma al'adar ikilisiya ta shekaru kusan 1,900. Masu yarda suna kawo Galatiyawa sura ta 3, inda aka daidaita masu bi maza da mata, da Fibi mai hidima wadda aka ambata a Romawa sura ta 16, da cewa mata ne suka fara kai labarin tashin Almasihu. Abin lura shi ne, duk da zafin gardamar, ba ta tsinke zumunci ba. Taron Lambeth na 1978 ya ce kowane lardi ya bi abin da ya gani, a ci gaba da zama tare. Saboda haka Nijeriya da Uganda suka saɓa a kan wannan, amma ba su rabu ba.

Maganar masu tarayya da jinsinsu

Wannan kuwa ba ta karɓi irin wancan sulhu ba. A Taron Lambeth na 1998 aka zartar da ƙuduri mai lamba 1.10, da ƙuri'a 526, masu ƙi 70, waɗanda suka ƙaurace 45. Ƙudurin ya ce aure tsakanin namiji da mace ne, luwaɗi da maɗigo ba su dace da Nassi ba, bai kamata a naɗa masu zaman irin wannan ba. Amma a cikinsa har ila yau aka ce a saurari mutanen nan, a lura da su, gama su ma 'ya'yan ikilisiya ne. Tun daga ran nan kowane ɓangare ya riƙe rabin da ya fi so.

A watan Nuwamba na 2003 cocin Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop na New Hampshire, yana zaune da abokin zamansa namiji a fili. Babban Bishop Peter Akinola, wanda ya shugabanci Cocin Nijeriya daga 2000 zuwa 2010, shi ya ja gaban masu ƙi. A 2005 Cocin Nijeriya ya gyara tsarin mulkinsa, ya cire ambaton Kantabari a matsayin ma'aunin zumunci, ya ce zumuncinsa da waɗanda suka riƙe koyarwar asali ne. A 2008 bishop-bishop na Nijeriya suka ƙi zuwa Lambeth, suka tafi Urushalima aka kafa ƙungiyar GAFCON. Haka kuma suka ƙaurace wa taron 2022. A 2023 Ingila ta yarda a yi wa masu auren jinsi addu'ar albarka, ɓarakar ta daɗa faɗi. Da aka ba da sanarwa a watan Oktoba na 2025 cewa Sarah Mullally ce za ta hau kujerar Kantabari, mace ta farko, sai igiyoyin nan biyu suka haɗu wuri guda. Cocin Nijeriya ya ƙi zaɓen, ya ambaci kasancewarta mace, amma ya fi nauyaya goyon bayanta ga addu'ar albarkar nan.

Me ya sa ɗaya ta karɓi sulhu, ɗaya ta ƙi? Ga masu ra'ayin Akinola, naɗin mace magana ce ta tsarin aiki, ana iya saɓawa a kanta, don ba wanda ya ce zama mace zunubi ne. Ta biyun kuwa a wurinsu magana ce ta halal da haram, wadda ta taɓa ikon Nassi kansa. Ga ɗaya ɓangaren, maganganun biyu tushensu guda, watau adalci. Suna cewa ayoyin da ake kawowa, kamar Romawa sura ta 1, an rubuta su ne game da halin zamaninsu, kuma ikilisiya ta taɓa sake fahimtarta a kan bauta da riba.

Ba kuma dukan 'yan Nijeriya ne suka zama baki ɗaya ba. Josiah Idowu-Fearon, wanda ya yi bishop a Sakkwato daga 1990, sa'an nan a Kaduna daga 1998, ya riƙe ƙudurin 1998, amma bai goyi bayan a ɗaure mutane saboda wannan ba. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu na 2014 ta yanka ɗaurin shekara 14 ga mai auren jinsi. Da aka ɗauki Idowu-Fearon babban sakataren ɗarikar ta duniya a 2015, shugabannin cocin ƙasarsa suka nesanta kansu da naɗin. Ya riƙe aikin har 2022.

Yadda abin yake a ƙauye

To, ina ruwan manomin gero da dawa na ƙasar Kano da duk wannan? Ruwansa ta fuska uku ne.

Ta farko ita ce maƙwabtaka. Kiristan ƙauye tsiraru ne, rijiyarsu ɗaya da Musulmi, kasuwarsu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Tun 2000 Jihar Kano take bin shari'ar Musulunci, rediyo kuwa ya shiga kowane gida. Kadan aka ji da safe cewa cocin Ingila ya yi kaza, kafin azahar an tambayi mai bishara a bakin kasuwa. Shugabannin cocin Arewa sun sha kawo wannan hujja, cewa abin da aka yanka a Turai su ke biyan kuɗinsa. Henry Ndukuba, wanda ya zama shugaban Cocin Nijeriya a 2020, ya san wannan hali da idonsa, don ya yi aikin firist a Kano, ya kuma koyar a makarantar tauhidi ta Wusasa kafin ya zama bishop na Gombe a 1999. Masu sukar wannan hujja suna amsawa da cewa a cikin garken nan ma akwai mutanen da ake magana a kansu, kuma tsoron maƙwabci bai isa ya hana a saurare su ba, kamar yadda ƙudurin 1998 ya umarta.

Ta biyu ita ce ƙarancin ma'aikata. Ƙananan majami'un ƙauye ba su da ƙarfin riƙe firist kowacce, gama baikonsu damin hatsi ne bayan kaka. Firist guda yakan zagaya majami'u da dama a kan babur, sai a yi makonni ba a ci Jibi ba. A tsakanin zuwansa, mai bishara da matarsa da Zumuntar Mata su ke riƙe da ikilisiya. Mata ke koya wa yara, su ke gai da marasa lafiya, su ke tara gudummawar biki da ta makoki, su ke ta da waƙa. Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba. A mazhabar Malikiyya mace ba ta limanci, amma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suka bi ƙauyuka suna karantar da 'yan taru. Watau an raba koyarwa da limanci, aka ba mace ta farko aka hana ta na biyu. Kusan nan ne Cocin Nijeriya ya tsaya. Tambayar da ta rage ita ce wadda Bishop Hall ya tarar a 1944: in babu namijin da zai je, a bar jama'a ba Jibi, ko a naɗa wadda take wurin?

Ta uku ita ce auren mata da yawa, wanda shi ne ainihin gardamar aure a gidan Bamaguje. Gandu yana bukatar hannuwa, mai gida da mata biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Taron Lambeth na 1888 ya ce kada a yi wa irin wannan mutum baftisma sai ya rage mace guda. Abin da ya biyo baya shi ne sakin matan da ba su yi laifin kome ba, ko kuwa mutum ya tsufa a bakin ƙofar ikilisiya. Sai bayan shekara 100 cif, a 1988, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka, aka yarda a yi masa baftisma da matansa, da sharaɗin ba zai ƙara wata ba. Kowane ɓangare yana jan wannan misali wajensa. Turawa masu son sauyi suna cewa, an sassauta muku saboda halin ƙasarku, ku ma ku sassauta mana. 'Yan Afirka suna amsawa da cewa sassaucin 1988 na shiga ikilisiya ne, ba na naɗi ba, kuma ba a taɓa cewa koyarwar mace ɗaya ta tashi ba.

Abin da ya kamata malami ya riƙe

Malamin da ɗalibansa suka tambaye shi wannan magana, ya kyautu ya rarrabe musu abu uku da akan cakuɗa. Akwai tambayar wanda za a karɓa cikin ikilisiya, akwai ta wanda za a naɗa, akwai kuma ta wanda ke da ikon yanke hukunci in larduna suka saɓa. Ta ukun nan ita ce ba a warware ba. A 1900 daga Ingila ake aiko da bishop ya nemi izinin zama a Kano. Yau kuwa Cocin Nijeriya yana cikin mafi yawan jama'a a ɗarikar duka, yana da gundumomi a Kano da Katsina da Dutse da Wusasa da Bari, shi ne kuma yake ce wa Kantabari ta saki hanya. Ɗa ya girma har yana yi wa uba gyara, uban kuma bai ga laifinsa ba. Ko za su sake cin tuwo a akushi ɗaya, wannan ya rataya ga ko za a sami ma'aunin da dukansu za su yarda da shi, abin da taron shekara 150 da ɗoriya bai samar ba tukuna.