Wayar Hannu da Masu Bin Sawu

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, saboda 'yan bindigar Dajin Rugu suna samun labarin gari ta waya daga bakin infoma. Sai a Disamba aka fara maido da shi.

Muddin waya na kunne da layi a ciki, tana sanar da ƙarfen sabis mafi kusa inda take, ko da ba a kira kowa ba. Da haka kamfani ke sanin yankin da mai ita yake. Tun Disamba 2020 kuma hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka wanda ya yi wa wani rajistar layi da sunansa ya ɗauki alhakin duk abin da aka yi da layin. Kada a yi, ko da ɗan uwa ne ya roƙa.

Sai dai mutumin ƙauye ba kamfani ne babban abin tsoronsa ba. Sirrinsa ya fi fita ta hannun mutane. Waya takan yini wurin mai caji ba makulli, ga saƙon banki a ciki yana faɗin nawa aka sayar da sa. Akan miƙa ta wurin gyara da layi da katin memori. Yaro yakan ɗora hoto a WhatsApp yana cewa ga su nan a hanyar kasuwa, bai san wa ke kallo ba. Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi: a sa lambar sirri, a goge saƙon kuɗi, a cire layi kafin a ba da waya, labarin tafiya kuma a bari sai an dawo. Baƙuwar lamba idan ta tambayi ina kake, ko yaushe maigida zai dawo, ba dole ba ne a amsa.

Mai babbar waya yana da ƙarin aiki. Ya kashe alamar nuna wuri sai lokacin buƙata, ya kuma guji manhajojin ba da bashi da ke neman izinin shiga lambobi da hotuna, domin sukan kwashe su, su riƙa kiran dangin wanda ya makara da biya.