Fiyano mai madannai 88 masu nauyi: makaɗin wane irin kiɗa yake yi wa amfani?

Duk wanda ya taso da waƙoƙin finafinan Hausa ya san kalmar "kiɗan fiyano". Abin dariyar shi ne, abin da muke kira fiyano tun zamanin Sangaya a 1999 ba fiyano ba ne na asali. Kibod ne irin su Yamaha PSR, wanda situdiyoyi kamar Iyan-Tama da ke Sabon Titin Mandawari suka yi suna da shi. Madannansa na roba ne, ƙarƙashinsu sifirin, ka taɓa kaɗan ya nutse. Sautin kalangu da sarewa da ganga duk suna cikin cikinsa.

Yanzu kuwa sautin ya koma cikin kwamfuta, a manhajoji irin su FL Studio da Cubase. Shi ya sa za ka ga yara suna neman kibod ɗin MIDI, wanda shi kansa kurma ne, ko ƙis ba ya fitarwa. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta wane madanni ka danna, da wane ƙarfi, kuma yaushe ka ɗaga yatsa. Wannan yare na MIDI tun 1983 ake amfani da shi, kuma yana auna ƙarfin dannawa daga 1 zuwa 127.

To a nan maganar nauyi ta shigo. Fiyano na asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajen 1700, 'yar guduma ce ke dukan tsirkiya in ka danna. Sunansa ma na farko ma'anarsa "a hankali da ƙarfi". Madannansa na yau 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36. Kamfanoni sai suka sa irin wannan gudumar a cikin kibod ɗin MIDI, ba don ta daki komai ba, sai don yatsa ya ji turjiya. A masu kyau ɗin, ɓangaren hagu na sauti mai kauri ya fi na dama nauyi, kamar dai yadda yake a na asalin.

Me turjiyar ke tsinana wa makaɗi? Tana ba shi linzami. A kan madannin roba, da wuya ka riƙe yatsanka a 40 ko 50. Da ka ɗan motsa sai ka ga ya yi tsalle zuwa 100. A kan mai nauyi kuwa tsakiyar nan duk taka ce. Ka tuna fitowar da ake kai wa uwa labarin rasuwar ɗanta a fim mai dogon zango. Kiɗan da ke ƙarƙashin wannan kukan so ake ya shigo kamar raɓa, ya ɗan taso, ya koma. Da yawa cikin namu wallahi duka ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, kamar ana buga ƙusa, shi ya sa wani lokaci kiɗan ke danne maganar jaruma. Ana iya gyarawa da linzamin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, amma kunne yakan gane.

Amma fa malam, kar ka ruga ka sayar da babur. In sana'arka waƙar nanaye ce da ta biki da ta siyasa, inda hannun dama ke gudu a kan sauti biyar ko shida, kana jera kalangu da bandiri da yatsu biyu, mai nauyin ɓata maka lokaci zai yi. Madanninsa ba ya dawowa da sauri kamar na sifirin, kuma hannun da bai saba ba kafin la'asar ya gaji. Mai madannai 49 ko 61 ya ishe ka. Mai 88 na wanda yake kaɗawa da hannu biyu ne, hagu na riƙe da gindi, dama na jan murya.

Sai kuma tarkon da ke kama mutane: 88 daban, nauyi daban. M-Audio Keystation 88 cikakken tsayi ne da shi, amma ba guduma a ciki. Masu gudumar su ne irin M-Audio Hammer 88, Roland A-88MKII, Studiologic SL88 da Arturia KeyLab 88. Kawai VPC1 kuwa madannansa na katako ne, nauyinsa ya kusa kilo 30.

Wannan kilo ɗin ba wasa ba ne ga mai situdiyo a cikin ganuwa. Tsayin abin ya kai wajen mita ɗaya da rabi saura kaɗan, ga lungunan Mandawari da Gwale inda ko adaidaita sahu sai ta tsaya a bakin titi. Ka auna shagonka ko soronka tukuna, ka tanadi ƙafa mai ƙarfi, don siririyar ƙafar kibod rawa take yi a ƙarƙashinsa. Abin daɗin shi ne wasunsu, kamar Hammer 88, daga igiyar USB suke shan wuta, ko an ɗauke wuta kwamfutarka ta cinya za ta riƙe shi. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba: in ta shiga robobin da ke ƙarƙashin madanni, sai ka ji wani yana ihu a 127 ko ya yi shiru gaba ɗaya. Ka sa tela ya ɗinka masa riga.

In na hannu za ka saya, ka jona shi da kwamfuta a gaban mai kayan, ka bi madannan 88 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da ƙarfi, idonka na kan lambar da manhaja ke nunawa. Ka gwada ramin fedar ƙafa ma kafin ka ƙirga kuɗi.