KARAYAR ƘWAURI: ƊORI RANA ƊAYA, JINYA WATA HUƊU

Hausawa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A ƙasar Yauri, idan tsautsayi ya zo da karaya, sau da yawa a ƙwauri yake sauka. Ɗan kabu-kabu ya zame a hanyar Yelwa zuwa Koko, babur ya danne masa ƙafa. Manomi a Shanga ya faɗo daga amalanke. Masunci a Wara ƙafarsa ta shiga tsakanin jirage biyu. Ɗalibi ya sha tokari a filin ƙwallo. Kowannensu yakan ɗauka da an ɗora ƙashi magana ta ƙare. Gaskiyar ita ce, a nan aikin ya soma.

Me Ya Sa Ƙwauri Ke Da Wuyar Sha'ani?

Ku shafa gaban ƙafarku daga gwiwa zuwa idon sawu. Ƙashin da kuka ji shi ne ƙashin ƙwauri. In ban da ƙashin cinya, babu wanda ya kai shi girma a jiki, kuma shi ke ɗauke da kusan dukan nauyin mutum. Siririn ƙashin da ke gefensa ɗan taimako kawai yake yi. Ta gaba babu tsokar da ta rufe ƙwauri, sai fata. Saboda haka idan ya karye yakan huda fata ya fito, ƙasa da ƙazanta su shiga. Haka kuma jinin da ke ciyar da shi bai da yawa, musamman can ƙasa kusa da idon sawu. Ƙashi kuwa da jini yake warkewa.

Taimakon Farko

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya faɗaɗa, mutanen gungu da na ƙetare sai sun yi doguwar tafiya a jirgi kafin su kai asibiti. Don haka abin da aka yi a wurin da abin ya faru yana da muhimmanci ƙwarai:

1. Kada a sa mutum ya gwada takawa don a gane ko karaya ce ko targaɗe.
2. A samo katako ko filafilin jirgi, a naɗe shi da zane, a ɗaure ƙafar a jikinsa daga cinya har tafin ƙafa. Ɗaurin ya zama yatsa na iya shiga ƙarƙashinsa.
3. In akwai rauni, a rufe shi da tsumma mai tsabta. Kada a tura ƙashin ciki, kada a zuba toka ko garin magani.
4. A kai shi asibiti a ranar. Mai raunin da ya buɗe yana bukatar wanki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin tetanus, cutar nan mai ɗaure muƙamuƙi.

Ɗori A Asibiti

Da farko akan ɗauki hoton ƙashi, fasahar da wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano a 1895. Hoto biyu ake ɗauka, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, domin ƙashin da ya miƙe ta gaba yana iya zama a karkace ta gefe. In karayar ba ta goce sosai ba, sai a daidaita ta a sa filastan nan da muke kira siminti, wanda Antonius Mathijsen, likitan soja ɗan ƙasar Holan, ya bayyana wa duniya a 1852. Akan fara da dogo har cinya, bayan mako 4 zuwa 6 a canja shi da gajere.

In ƙashin ya farfashe ko ya ƙi tsayawa, sai an yi aiki. Akan zura ƙarfe a cikin ramin ɓargo, dabarar da Gerhard Küntscher ya fara a Jamus a 1939. In kuma raunin ya ɓaci, akan kafa ƙarafa ta waje don a samu damar wanke shi. Irin wannan aiki ne ke sa a tura majinyaci daga Babban Asibitin Yelwa zuwa Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Kwana Uku Na Farko

Babu lokacin da ya fi wannan haɗari. Ƙafar da ta karye dole ta kumbura. In ɗauri ya matse ta, na asibiti ne ko na gida, jini ba zai samu hanya ba, kuma cikin awa 6 zuwa 8 tsoka takan fara mutuwa. Mai jinya ya ɗora ƙafar a kan matashi, ya riƙa duba yatsu dare da rana. Ga alamun da ba a kwana da su:

1. Zafin da ke ta ƙaruwa, magani ba ya kwantar da shi, ya fi tsanani in an motsa yatsu.
2. Yatsu su yi sanyi, ko su canja launi, ko su daina ji.
3. Wari ko ruwa daga cikin ɗaurin, ko zazzaɓi.

Da an ga ɗaya, a sassauta ɗaurin in na gida ne, a nufi asibiti nan take. Masu ɗorin gargajiya sun daɗe suna yi wa jama'a aiki, amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Maganar nan da ake yi cewa zafi alama ce magani na aiki, ita ta jawo aka yanke ƙafafu da dama. Asibitin da ake gudu don tsoron yankewa, da an je shi da wuri, da ƙafar na nan.

Yadda Ƙashi Ke Haɗewa

Likita da mai ɗori duk daidaitawa suke yi, jiki ne ke yin haɗin. Da farko jini yakan taru ya daskare a wurin karayar. Cikin mako 2 zuwa 3 ya zama wani abu mai taushi kamar guringuntsi, ya riƙe bakin ƙasusuwan. Daga nan ya riƙa taurara har ya zama dunƙulen sabon ƙashi. Ga yaro, ƙwauri kan haɗe cikin mako 6 zuwa 10. Ga babba kuwa wata 3 zuwa 6 ne, yawanci wajen wata 4.

Me Likita Ke Dubawa?

A makonni ukun farko akan maimaita hoto kusan kowane mako. Dalili shi ne idan kumburi ya saɓe, siminti yakan yi wa ƙafa yawa, ƙashi ya goce a ciki ba a sani ba. A wannan lokaci gyara na da sauƙi. In aka bari ya ƙame a karkace, sai dai ɗingishi ko sabon aiki. Bayan haka sai hoto duk mako 4 zuwa 6. Sabon ƙashi yakan fito a hoto kamar farin hazo, yana yin gada tsakanin ɓangarorin biyu. Hotunan nan biyu suna nuna gefe huɗu na ƙashin. In gadar ta haɗa uku daga ciki, kuma an danna wurin babu zafi, an taka babu zafi, to ƙashi ya kama. In kuwa an kai wata 9 bai haɗe ba, kuma wata 3 a jere hoto bai nuna ci gaba ba, ba zai haɗe da kansa ba, sai an taimaka masa da aiki.

Aikin Majinyaci

Zafi yakan tafi tun ƙashi bai yi ƙwari ba, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa. Ga albasa ta isa cira, ga kifi na kamuwa, ga kuɗin mota zuwa asibiti. Sai mutum ya fasa simintinsa ya koma aiki, ƙashin ya sake karyewa, jinyar wata 4 ta koma ta shekara. A taka ƙafa daidai yadda likita ya ce, da sandunan dogarawa. Kada siminti ya jiƙe, kada a tura tsinke ciki don susa. A bar taba, domin tana rage jinin da ke isa ƙashi. Abincin gina ƙashi kuwa muna da shi a gida: warangin tafkinmu da ake ci da ƙayarsa, da nono, da wake, da zogale.

Ɗalibai, a ƙauyukanmu da yawa ku ne masu karanta katin asibiti. In wani naku ya karye, ku riƙe masa ranakun komawa, ku adana hotunansa bi da bi, ku duba masa yatsu. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Allah ya kiyaye mu.