Sankarar Mama: Ina Matsayin Saiwa da Sassaƙe?

A 2022 kimanin mutum 670,000 sankarar mama ta kashe a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Tsoron yanke nono kan tura mata wajen masu saiwa da sassaƙe, ƙullutun kuwa yana ta girma.

Gaskiya ne akwai magani a itace. Paclitaxel, da ake ba masu cutar a asibiti, daga ɓawon wata bishiyar Amurka aka fara samo shi, amma sai da aka tace shi, aka yi shekaru ana gwaji. Tattaki, abinci mai kyau, addu'a da kulawar dangi suna rage gajiya da fargaba. Ƙullutu kam sai tiyata, gashi ko magungunan asibiti. Wasu ganyayyakin ma suna raunana maganin asibiti.

'Yar'uwa, duk abin da kike sha, ki faɗa wa likitanki.