Jetstream: rumbun kwamfutocin da jami'o'in Amurka ke aro ta intanet

Malamin da ke koyarwa a ƙaramar kwaleji a Amurka ya san wannan ciwon kan. Ɗalibai talatin a aji, kowa da irin kwamfutarsa, wata sabuwa, wata ta sha jiki. Darasin kuwa na tantance ƙwayoyin halitta ne ko hasashen yanayi, aikin da ya fi ƙarfin kwamfutar cinya. Kafin a gama girka manhaja a kowace na'ura, makonni sun wuce, ba a koyi komai ba.

Irin wannan matsala ce ta sa Hukumar Kimiyya ta Ƙasa, wato NSF, ta ba Jami'ar Indiana dala miliyan 6.6 a 2014 don ta gina Jetstream. Ya fara aiki a 2016, na'urorinsa a wuri biyu: Bloomington a jihar Indiana, da cibiyar TACC da ke Austin a jihar Texas.

To, mene ne sabo a ciki? Ai jami'o'i sun daɗe da manyan kwamfutoci masu gudun gaske. Gaskiya ne, sai dai a tsohon tsari layi ake bi. Ka rubuta umarninka, ka miƙa, ka jira. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci sai gobe. Kuma manhajar da masu kula da na'urar suka girka, ita ce dai za ka yi aiki da ita. Wannan ya dace da gwanaye, amma ɗalibin da ke da darasin awa ɗaya fa?

Tsarin da ake kira gajimare ya bi wata hanya daban. Manhaja ce ke yanka ƙarfin manyan na'urorin gida-gida, ta miƙa wa kowa tasa kwamfutar ta aro, wadda zai shiga ta intanet ya girka abin da ya ga dama. Malami ya shirya guda ɗaya tsaf, sai a kwafa wa kowane ɗalibi irinta sak. In wani ya ɓata tasa, a goge a ba shi sabuwa, shi ke nan. Manhajar da ke wannan rabo a Jetstream ita ce OpenStack, wadda NASA da kamfanin Rackspace suka fara a 2010, kuma kyauta take ga kowa.

A 2020 NSF ta ƙara ba da dala miliyan 10 don Jetstream2, wanda ya fara aiki a 2022. An sa masa na'urorin NVIDIA A100 da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, aka kuma buɗe rassa a jami'o'in Arizona State, Cornell da Hawaii, ga kuma TACC.

Amma fa sayen ƙarfe shi ne mai sauƙi. Na'urorin na cin wuta dare da rana, suna fitar da zafin da dole a sanyaya, suna buƙatar ma'aikatan da za su tsare su daga masu kutse. Bayan 'yan shekaru sun tsufa, tallafin ma yana da wa'adi. Ga kuma ɗaliban da ke barin kwamfutar aro a kunne bayan an gama darasi, tana cinye kason ajin a banza. Shi ya sa ake ba kowane aiki kaso ƙididdigagge.

Ga 'yan'uwanmu da ke koyarwa ko karatun digiri na biyu da na uku a jami'o'in Amurka, ƙofar a buɗe take. Ana neman kaso ta shirin ACCESS, wanda ya gaji XSEDE a 2022, kuma ba a biyan ko sisi. Ɗalibi kan haɗa da takardar goyon baya daga malamin da ke duba aikinsa. Wanda ke shirin koyar da darasi a zango mai zuwa, gara ya nema tun yanzu, ya gwada kwamfutar aron da kansa kafin ranar da ɗalibai za su shigo aji.